Yadda ake yawon buɗe ido a kan babur a Biyetnam: takardu, cunkoso da hanyoyin dutse

Biyetnam ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 100 da babura masu rajista sama da miliyan 70. A can babur shi ne motar gida, shi ne tasi, shi ne a-kori-kura. Ƙasar doguwa ce siririya, daga Hanoi a arewa zuwa birnin Ho Chi Minh a kudu kimanin kilomita 1,700, kuma mafi kyawun wurarenta suna kan hanyoyin da babbar bas ba ta bi: gonakin shinkafa da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tsauni, gaɓar teku a mashigin Hai Van, da mashigin Ma Pi Leng inda kogin Nho Que yake can ƙasa, kore shar. Mai babur yana tsayawa inda ya ga dama, ya ci abinci a ƙauye, ya kwana a gidan baƙi mai rahusa, kuma da wuya ya yi tafiya mai nisa bai ga bakanike ba. Abin da ke jan baƙi ke nan.

Amma ƙasar tana rasa mutum sama da 10,000 a shekara a haɗarin hanya, akasarinsu masu babur. Baƙo yakan sauka Hanoi ya ga cunkoso gabansa ya faɗi, alhali cunkoson birni ba shi ne ya fi kisa ba, domin kowa a hankali yake tafiya. Inda ake mummunan rauni shi ne babban titi tsakanin garuruwa da gangaren duwatsu, wuraren da mutum yake sakin jiki.

Fara da takardu, tun kana gida

Lasisi biyu kake buƙata tare: na ƙasarka wanda ya nuna an yarje maka tuƙa babur, da na ƙasa da ƙasa. A Najeriya rukunin A ne na babur. Da yawa sun shekara suna hawa ba su taɓa karɓarsa ba, wasu kuma na mota kaɗai gare su, to na mota ba ya ɗaukar babur.

Lasisin ƙasa da ƙasa iri biyu ne ake yawan bayarwa, na yarjejeniyar 1949 da na 1968. Biyetnam na 1968 kawai take karɓa. Duba bangon littafin kafin ka bar ofishin da ya ba ka, shekarar tana rubuce a kai, sannan ka buɗe ciki ka tabbata an buga hatimi a gurbin babur. Tun 1 ga Janairun 2025 dokarsu ta raba babura biyu: A1 har zuwa cc 125, A kuma ga abin da ya haura. Tarar tuƙi ba lasisi tana kai dong (kuɗin ƙasar) miliyan 2 zuwa 4 ga ƙaramin babur, miliyan 6 zuwa 8 ga babba, kuma 'yan sanda suna tsare hanya sosai a Ha Giang, yankin duwatsu na can arewa.

Tarar ma da sauƙi. Babbar asara ita ce inshora: idan ka faɗi ba ka da lasisin da ƙasar ta amince da shi, kamfanin zai iya ƙin biyan ko sisi, kuɗin tiyata da na ɗauko ka daga dutse su dawo kanka. Karanta takardar inshorar da kyau, wasu suna ƙayyade girman inji, wasu sai ka biya ƙari kafin su haɗa da babur. Mai ba da haya zai ce maka ba komai, ba wanda zai tambaya. Shi babur ɗinsa yake son ya fita.

A wajen mai haya ka karɓi katin rajistar babur ko kwafinsa, ka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke katin, ka karɓi takardar inshorar dole. Kada ka bar fasfo a matsayin jingina. Ba da kuɗin ajiya a rubuta maka rasit, domin masauki zai nemi fasfon, haka ma wajen karɓar izinin shiga yankin iyaka a Ha Giang.

Wane babur

Honda Wave, Honda Blade da Yamaha Sirius su ne irin wanda muke kira roba-roba: cc 110, giya huɗu, babu kulocin hannu. Ga mutum ɗaya da jaka ɗaya babu kamarsu, kowane bakanike ya san cikinsu, kayan gyara kuma ko a ƙauye akwai. Tankin ne ƙarami, lita 4 ko kusa da haka, saboda haka ka sha mai duk bayan kilomita 100 zuwa 120 ko da allura ba ta sauka ba.

Honda XR150 ya fi dacewa da dogon mutum, mai goyo, ko hanyar da ta lalace. Tankinsa lita 12 ne, yana da kuloci, amma ya haura cc 125, don haka lasisinka ya nuna rukunin A cikakke.

Masu giya da kansu irin Honda Vision da Air Blade suna da daɗi a gari, a dutse kuwa a guje su. Dalilin yana tafe. A kuma guji arahar nan da 'yan yawon buɗe ido suke sayar wa juna da sunan Honda Win. Yawancinsu kwaikwayo ne da suka bi hannu da yawa, birki ba ƙarfi, wayoyin lantarki duk ɗauri.

Kafin ka biya, ka ba babur minti ashirin. Taɓa inji ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka: wanda aka ɗumama kafin ka zo yana iya ɓoye wahalar tashi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa alama ce yana shan baƙin mai. Matsa birkin gaba ka tura babur, kada hannun birkin ya taɓo roba. Taka na baya, kada ya nutse har ƙasa. Duba taya, in zanen ya shafe ko gefen ya tsattsage a canja kafin ka ɗauka. Ɗaga sarƙa da yatsa a tsakiyarta, wasan kada ya wuce santimita 3, haƙoran kuma kada su yi tsini. Ɗora shi a kan jak ɗin tsakiya, ka juya kai dama da hagu ka ji ko yana sarƙewa. Fitila, sigina, fitilar birki, hon, madubi biyu. Ɗauki bidiyon jikinsa gaba ɗaya da wayarka, mai shi yana tsaye.

Hular kwano dole ce tun Disambar 2007, amma abin da ake miƙo wa baƙo sau da yawa ɓawon roba ne da ba ya kare komai. Sayi mai rufe haɓa, ka ɗaure igiyar yadda yatsa biyu kaɗai za su shiga. Safar hannu, riga mai kauri, dogon wando, takalmi mai rufe idon sawu, da rigar ruwa mai wando. Babbar rigar ruwa mai lulluɓe babur tana kama iska, gefenta kuma yana iya shiga taya. Kaya kada su wuce kilo 15 ko makamancin haka a kan roba-roba, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da bayanka, a ɗaure da roba uku, kada wata igiya ta yi reto kusa da sarƙa.

Shiga cunkoso

A hannun dama suke tuƙi, kamar Najeriya da Nijar, wannan ya rage maka aiki. Kada ka ɗauki babur ranar da ka sauka. Samu mahaɗar titi ka zauna rabin sa'a kana kallo, sannan ka hau ɗan acaɓar Grab, wanda ake kira ta manhajar waya, sau biyu ko uku ka ga yadda yake ratsawa. Fitarka ta farko ta kasance bayan sallar asuba, kafin bakwai. Daga bakwai zuwa takwas da rabi na safe, da huɗu da rabi zuwa shida da rabi na yamma, titi ba na koyo ba ne.

Cunkoson yana tafiya ne kamar jama'a sun taso daga filin idi: ba layi, ba mai ba da hannu, amma ba a cika yin karo ba saboda kowa yana lura da wanda ke gabansa. Ƙa'idar ke nan. Abin da ke gabanka da gefen idonka nauyinka ne, na bayanka kuma shi zai kula da kai. Wanda tayar gabansa ta riga taka shi ke da hanya, ko da da taku ɗaya ne.

Daga nan sauran suke fitowa. Riƙe gudu ɗaya, kilomita 20 zuwa 30 a sa'a, a giya ta biyu ko ta uku, yatsu biyu a kan birkin gaba. Kada ka yi komai farat ɗaya. Mutum goma a bayanka sun riga sun auna inda za ka kasance nan da daƙiƙa biyu, in ka danne birki don tsoro ko ka fizgi kai gefe, kai ne ka ɓata lissafin. In za ka sauya wuri, kunna sigina ka riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, za a buɗe maka. Wanda ya saba da tuƙin kutse da jan totur don cike kowane gurbi sai ya sauke wannan hali, domin a nan gurbin da ka gani wani ya riga ya nufe shi daga inda ba ka zata ba.

Hon a can ba faɗa ba ne, sanarwa ce: ga ni nan kusa da kai. In an yi maka daga baya, ka ci gaba a layinka, kada ka kauce a firgice. Kai ma ka taɓa shi sau ɗaya ko biyu kafin ka wuce wani, da kuma bakin lungu. Idan mota ta haska maka fitila daga gaba, ba hanya take ba ka ba, cewa take ba za ta tsaya ba.

Kada ka manne da bakin titi. Nan ne masu tahowa ta hannun da ba nasu ba suke bi, nan ake buɗe ƙofar tasi, nan kuma mai fitowa daga lungu yake faɗowa titi ba tare da ya waiga ba, yana sa ran ka gan shi. Bar tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Bas ɗin gari kuwa tana yanko dama zuwa tasha ba ta jiran kowa, kada ka shiga tsakaninta da bakin titi.

Juyawa hagu a babbar mahaɗa shi ne abin da ya fi ba baƙo wuya, domin sai ka ratsa masu tahowa. Kada ka yi shi kai kaɗai. Jira masu juyawa su taru, ka shiga cikinsu ta yadda za su kasance tsakaninka da masu tahowa, ku tafi tare a gudu ɗaya. In ka fara, kada ka tsaya a tsakiya kuma kada ka ja da baya. Haka ma a shataletale. Idan mahaɗar ta fi ƙarfinka, wuce ta, ka yi dama sau uku ka dawo. Mai tafiya a ƙafa da ke tsallaka titi a hankali, ta bayansa ake bi, domin gaba zai ci, ba zai koma ba.

Fitilun danja da yawa suna ƙirga daƙiƙa. Wasu suna tashi saura biyu ko uku kore ta kama, wasu daga ɗaya ɓangaren suna ƙoƙarin wucewa bayan ja ta kama, a nan ake haɗuwa. Bari na gaba su tafi, ka bi a tsakiya. Tsallake ja da babur tararsa dong miliyan 4 zuwa 6 ce tun 2025, juyawa dama a kan ja kuma sai inda aka sa alamar yarda. Riƙe waya ko sa abin sauraro a kunne yayin tuƙi laifi ne. Sa Google Maps a tsarin babur, in za ka duba ka tsaya gefe, ka riƙe wayar da kyau saboda masu fizge, musamman a Ho Chi Minh.

In ruwan sama ya cika titi har ya kai bakin salansa, kada ka shiga. Idan inji ya mutu a cikin ruwa kada ka sake tayarwa, ruwan da ya shiga zai iya lanƙwasa ƙarfen cikin inji. Tura shi wajen bakanike a cire fulogi, a fitar da ruwan, a canja baƙin mai. Allon da aka rubuta Sửa xe shi ne wurin gyara, Xăng kuma fetur.

Babban titi

An hana babur hawa manyan hanyoyin da lambarsu ta fara da CT. Cikin waɗanda suka rage akwai QL1A, titin da ya bi gaɓar teku daga arewa zuwa kudu, kuma shi ne ya kamata ka rage bi iyakar iyawarka. Tireloli masu kwantena da bas-bas masu gadon kwana suna wuce juna a kansa, suna cin hannunka gaba da gaba da hon mai tsage kunne. A nan babba shi ke da hanya. Da ka hango biyu sun jeru suna tahowa, rage gudu ka sauka kafaɗar titi tun da wuri, kada ka jira ka ga ko zai koma. Kada ka tsaya a gefen dama na tirela a mahaɗa, direban ba ya ganinka, in ya karya kwana tayoyin baya suna yanko ciki. In za ta wuce ka, riƙe kai da kyau, iskarta tana tura ka waje sannan ta jawo ka.

Hanyar Ho Chi Minh da ta bi ta cikin ƙasa ta fi shiru nesa ba kusa ba, ta fi kyan gani. Reshenta na yamma tsakanin Khe Sanh da Phong Nha kusan kilomita 240 ne na daji da dutse, gidan mai da masauki ƙalilan, sai ka cika tanki ka ɗauki ƙarin lita biyu, ka fita da sassafe.

Iyakar gudun babur a cikin gari kilomita 50 ne, 60 in titin a rabe yake, a waje kuma 60 ko 70. Shuɗin allo mai hoton gidaje shi ke nuna ka shiga gari, ko da gonaki kake gani. A aikace, in ka haɗa da tsayawa, kilomita 35 zuwa 40 kake ci a sa'a, don haka ka tsara 150 zuwa 200 a rana, a dutse 100 ya isa. Ka sa ido kan shinkafar da aka shanya a kwalta, karnuka, ɓauna, da 'yan makaranta da ke fitowa a kan kekuna jere uku-uku wajen ƙarfe sha ɗaya da biyar na yamma.

Ka isa masauki kafin magariba. Da dare akwai masu tafiya ba fitila, ramuka ba sa ganuwa, kuma duk da cewa dokarsu tun 2020 ba ta yarda da ko ɗigon barasa a jinin mai tuƙi ba, lokacin ne masu dawowa daga mashaya suke kan hanya.

Dutse

Zagayen Ha Giang kusan kilomita 350 ne, ana yinsa a kwana uku ko huɗu: Quan Ba, Yen Minh, Dong Van, Ma Pi Leng, Meo Vac, a dawo ta Du Gia. Ba wurin koyon babur ba ne. Wanda bai gwanance ba ya ɗauki direba ɗan gari ya goya shi, zai ma fi ganin wurin, kuma babu abin kunya a ciki. Mai son gwaji ya fara da Hai Van tsakanin Hue da Da Nang, kilomita 21, tsayinsa kusan mita 500. Ramin mota da aka buɗe a ƙarƙashinsa a 2005 ya kwashe yawancin motoci, sai dai tankokin mai har yanzu ta sama suke bi.

Gangara ta fi hawa haɗari. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ta biyu ko ta uku, inji yana riƙe babur, birki yana taimakawa jefi-jefi. Kada ka sa firi ko ka kashe inji don tattalin mai. Idan ka danne birki kilomita da yawa ba sassautawa, yana zafi har ya daina kamawa: hannun ya yi laushi, ka ji ƙauri, ka matsa babur bai rage ba. Matsalar masu giya da kansu ke nan, in ka saki totur gudu ya ragu sai inji ya saki taya, nauyin duka ya koma kan birki. Da ka ji ƙaurin, tsaya minti goma sha biyar ya huce da kansa.

Rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Yi hon kafin duk kwanar da ba ka ganin bayanta, ka tsaya a hannunka, domin tifa ko bas na iya fitowa ta cinye titin duka. Kalli inda kake son zuwa. Wanda ya ƙura wa ramin gefe ido, can babur yake nufa. A busasshiyar kwalta birkin gaba ne ke yin yawancin aiki, wanda ya saba da na ƙafa kaɗai ya koyi haɗa su biyun a fili kafin ya hau dutse. A kan tsakuwa, laka ko jiƙaƙƙen siminti kuwa, fizgar na gaba a kwana shi ne ke kayar da mutum nan take, sai a miƙe babur a taɓa su a hankali.

Lokaci ma yana da nasa. A arewa damina daga Yuni zuwa Agusta tana kawo zaftarewar ƙasa, Disamba zuwa Fabrairu kuma sanyi da hazo mai hana ganin mita ashirin. Tsakiyar ƙasar tana fama da guguwa da ambaliya daga Satumba zuwa Disamba. A Satumbar 2024 guguwar Yagi ta yi ɓarna a arewa har gadar Phong Chau ta rufta da ababen hawa a kanta. Maris da Afrilu sun fi dacewa da mai son ratsa ƙasar duka. Makon bikin Tet, wato sabuwar shekararsu, ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu, hanyoyi suna cika, shagunan gyara suna rufe.

Kowace safiya ka duba iskar taya, baƙin mai, sarƙa da ɗaurin kaya. A sa wa sarƙa mai duk bayan kilomita 300 zuwa 500, ko bayan ruwan sama, a canja baƙin mai duk kilomita 1,000, abin da bai kai lita ɗaya ba a roba-roba. Musulmi ya yi guzurin abinci kafin ya shiga dutse, domin naman alade yana cikin girki da yawa. Abincin halal ya fi samuwa kusa da masallacin Al-Noor a Hanoi da babban masallacin titin Dong Du a Ho Chi Minh.

In an faɗi

Fara janye kanka daga titi, babur ya biyo baya, ka kashe inji. Lambar motar asibiti 115 ce, ta 'yan sanda 113, amma a dutse motar da ta fi kusa ita za ta kai ka. Wanda ya bugu a kai ko wuya kada a cire masa hular kwano, kada a ja shi, sai in numfashinsa ya tsaya. Ƙunar salansa a ƙauri, wadda masu goyo suka fi samu wajen sauka ta dama, a zuba mata ruwa mai sanyi minti ashirin, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. Ƙujewa a wanke ta sosai a fitar da yashi, a rufe, a riƙa canja bandeji kullum, domin a ƙasa mai laima ciwo yana saurin ruɓewa. Karaya ko bugun kai sai babban asibiti a Hanoi, Da Nang ko Ho Chi Minh, kuma daga garin Ha Giang zuwa Hanoi tafiyar kusan sa'a shida ce a mota.

Idan da wani kuka yi karo, ɗauki hoton wurin kafin a motsa komai, ka kira mai hayar babur ya yi maka tafinta. Kada ka ɗaga murya, jama'a za su taru kuma ba ka jin harshensu. Ƙananan ɓarna yawanci a wurin ake sasantawa da kuɗi, amma in an ji rauni ka jira 'yan sanda, kada ka sa hannu a takardar da ba a fassara maka ba, ka kuma karɓi rahotonsu da rasit ɗin asibiti, domin da su kamfanin inshora zai biya.